Jirgin Comet da Tankin Ruwa na Fanboro: Tarihin Takardar Shaidar Lafiyar Jirgin Sama

Gabatarwa

Duk jirgin saman fasinja da ke shawagi a duniya yana ɗauke da wata takarda wadda fasinja ba ya gani, ba ya ma tunanin ya tambaya. Takardar shaida ce daga hukuma, mai cewa an gwada wannan ƙira ta jirgi, an kuma yarda ta ɗauki rayukan mutane. A bayan takardar akwai injiniyoyi waɗanda ba su tuƙa jirgi, ba su sayar da tikiti. Aikinsu shi ne su matsa, su lanƙwasa, su auna, su lissafa, sa'an nan su sa hannu. Abin da muke so mu bibiya a wannan maƙala shi ne yadda wannan sana'a ta koyi darasinta mafi tsada, a shekarar 1954, daga wani jirgin Ingila mai suna Comet. Jirgin ya ci duk jarrabawar da aka ba shi, takardarsa kuma ba ta jabu ba ce, amma duk da haka ya fashe a sararin sama har sau biyu cikin wata uku.

Jirgin sama tukunya ce

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mai karatu ya fahimci abin da masana ke nufi da tukunyar matsi. Duk wani mazubi da aka rufe ruf, aka cusa masa iska ko tururi ko gas fiye da abin da ke wajensa, to tukunyar matsi ce. Tukunyar gas ta girki da ke ɗakin girkinmu ita ce misali mafi kusa. Abin da ke cikinta kullum neman hanyar fita yake yi, ƙarfen jikinta ne kawai ke tare shi.

To, gangar jikin jirgin sama ma haka take. Yayin da mutum ke yin sama, iska na ƙara sirancewa. A tsawon ƙafa 35,000 matsin iska bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wanda muke da shi a bakin teku ba, kuma mutumin da aka bari a wurin ba zai wuce minti ɗaya cikin hayyacinsa ba. Saboda haka ake hura iska cikin ɗakin fasinja, har ya zama kamar suna zaune ne a bisa tudu mai tsawon ƙafa 8,000, wato kamar ninki biyu na tudun Jos. A jirgin Comet, bambancin matsi tsakanin ciki da waje ya kai laba 8 da kwata a kan kowane inci murabba'i. Wannan adadi ba shi da girma a kunne, amma idan aka lissafa, kowace mita murabba'i ta bangon jirgin tana tare nauyin kusan tan 6, wato buhun siminti fiye da 110. Kuma ba sau ɗaya ba. Duk tashi gangar jikin jirgin za ta ɗan kumbura, duk sauka za ta sace. A nan ne sirrin labarinmu yake.

Gadon tukunyar tururi

Sana'ar auna tukunyar matsi ta girmi jirgin sama. A ƙarni na 19, tukwanen tururi ne ke tura jiragen ruwa da na ƙasa da injinan masana'antu, kuma fashewarsu ta zama ruwan dare. A watan Afrilu na 1865 tukwanen wani jirgin ruwa mai suna Sultana suka fashe a kogin Misisifi na Amurka, mutum fiye da 1,100 suka hallaka. A watan Maris na 1905 tukunyar wata masana'antar takalma ta tarwatse a garin Brockton na jihar Masacusets, ta kashe mutum 58. Irin waɗannan masifu su suka sa ƙungiyar injiniyoyin Amurka ta tsara littafin ƙa'idojin ƙera tukwanen tururi, wanda ke ɗauke da shekarar 1914.

Ginshiƙin wannan gado shi ne gwajin ruwa. A cika tukunya da ruwa, a matsa shi da famfo fiye da yadda za a matsa ta a bakin aiki, in ba ta yoyo ba, ba ta kuma canza siffa ba, sai a buga mata hatimi. Hikimar amfani da ruwa ita ce, ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Iska idan aka danne ta tana ajiye ƙarfi, ranar da ta sami kafa sai ta fita kamar bam. Ruwa kuwa da zarar ya sami ƴar tsaga sai matsin ya faɗi, ya tsiyaye, a ga daidai inda aibin yake. Wannan gwaji yana amsa tambaya ɗaya: shin tukunyar nan za ta iya ɗaukar matsi mai yawa yau? Amsa ce mai amfani, amma akwai wata tambayar da ba ya amsawa.

Wannan tambaya ta biyu ita ce ta gajiyar ƙarfe. Kowane yaro ya san cewa wayar da ba zai iya tsinkawa da ƙarfin hannu ba, in ya yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, za ta karye. Ƙarfe yana tara rauni a ɓoye daga nauyin da ake ɗora masa ana saukewa, ko da nauyin bai kai ya karya shi a karo ɗaya ba. Tsaga takan fara ƴar ƙarama a bakin rami ko kusurwa, ta yi ta rarrafe, har ranar da ragowar ƙarfen ya kasa. Yau da gobe, in ji Hausawa, ita ke sa allura ginin rijiya. Injiniyoyi sun san wannan tun bayan haɗarin jirgin ƙasa na Basai a Faransa a 1842, inda gatarin ƙafar inji ya karye, kuma Bajamushen nan August Wöhler ya shafe shekaru yana nazarinsa a tsakiyar ƙarnin. Wani abin mamaki ma, a 1948 marubuci Nevil Shute, wanda injiniyan jirgin sama ne da ya taɓa aiki a kamfanin de Havilland, ya fitar da ƙagaggen labari mai suna No Highway, a kan wani masani a cibiyar bincike ta Fanboro da ya gano cewa wutsiyar wani sabon jirgi za ta karye saboda gajiyar ƙarfe. Ashe dai ba a jahilci cutar ba. Abin da ba a yi zato ba shi ne za ta kama ɗakin fasinja da wuri haka.

Tauraruwa mai wutsiya

Sunan de Havilland ba baƙo ba ne a sararin samaniyar ƙasar Hausa. Jirage uku na sojan saman Ingila da suka fara sauka Kano a 1925 ƙirar DH.9A ne, kuma haruffan nan biyu na farko sunan Geoffrey de Havilland suke wakilta. Kamfanin da wannan mutum ya kafa, mai mazauni a Hatfil, shi ya ƙuduri aniyar ƙera jirgin fasinja na farko a duniya mai injin jet bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a lokacin da Amurka ta mamaye kasuwar jirage masu farfela. Ronald Bishop ne shugaban masu zanen, aka kuma raɗa wa jirgin suna Comet, wato tauraruwa mai wutsiya. Ya fara tashi ranar 27 ga Yuli, 1949, John Cunningham na tuƙi.

Injin jet na wancan zamani mashayin mai ne, ba ya yin tattali sai a can sama inda iska ba ta da kauri. Don haka tilas Comet ya tashi zuwa ƙafa 35,000 ko fiye, matsin ɗakinsa kuma ya kusan ninka na jiragen da suka gabace shi. Ga shi injinan ba su da ƙarfi sosai, saboda haka tilas jirgin ya zama marar nauyi. Fatar alminiyam da aka lulluɓe shi da ita a yawancin wurare ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba.

Ranar 2 ga Mayu, 1952, kamfanin sufuri na BOAC ya buɗe zirga-zirga da shi daga Landan zuwa Johanasbag da fasinja 36, ya yada zango a Rum da Bairut da Hartum da Entebbe da Libinston, ya isa cikin ƙasa da awa 24. Gudunsa ya zarce na sauran jirage sosai, ba jijjiga, ba ƙarar farfela. Ingila ta yi ta alfahari, kamfanonin ƙasashe suka shiga layin saye.

Jarrabawar da ya ci

Kuskure ne a ɗauka cewa masu ƙera Comet sakarkaru ne ko maciya amana. Hukumar rajistar jiragen sama ta Ingila ta shar'anta cewa ɗakin fasinja ya jure matsin aiki da ƙarin kashi ɗaya cikin uku ba tare da ya lalace ba, kuma kada ya fashe sai matsin ya ninka biyu. Kamfanin de Havilland ya zarce haka, ya yi lissafinsa a kan ninki biyu da rabi. Tunaninsu shi ne, abin da ke da irin wannan rarar ƙarfi gajiya ba za ta cim masa ba cikin shekarun aikinsa.

Ba su tsaya ga lissafi ba. Sun ɗauki wani yanki na gangar jikin jirgin suka yi masa gwaji mai tsanani har sau 30, da matsin da kan kai ninki biyu na matsin aiki. Daga baya, a 1953, suka ɗauki wannan yanki dai suka yi ta hura shi suna sacewa, don su ga yaushe zai gaji. Sai da ya kai sau 18,000 kafin ya tsage a kusurwar taga. Tun da rayuwar da ake sa ran jirgin zai yi tashi 10,000 ce, kowa ya kwantar da hankalinsa.

Abin da ba a lura da shi ba a lokacin shi ne, gwajin farko ya gurɓata na biyu. Idan aka matsa ƙarfe fiye da kima sau ƴan kaɗan, wuraren da nauyi ke taruwa, irin su bakin ramin ƙusa da kusurwar taga, sukan ɗan miƙe su daidaita, sai su ƙara jure gajiya daga baya. Wato yankin da aka gwada ya sami wani horo wanda jiragen da ke ɗauke da fasinja ba su samu ba. Mu da ke aikin koyarwa mun san irin wannan: ɗalibin da aka riga aka bi da shi ta kan tambayoyi zai ci jarrabawa, amma makinsa ba ya gaya mana komai game da sauran ƴan aji. Haka adadin 18,000 ya zama gaskiya game da yanki ɗaya, ya zama ruɗi game da jiragen.

Elba da Nafoli

An sami haɗurra tun da farko. Biyu sun auku wajen tashi daga fili, a Rum a 1952 da Karaci a 1953, na biyun ya ci rai 11. Ranar 2 ga Mayu, 1953, wani Comet ya tarwatse cikin guguwa jim kaɗan bayan tashinsa daga Kalkata, mutum 43 suka mutu, aka ɗora laifin a kan tsananin hadari. Kowane haɗari an samo masa dalili a wajen gangar jikin jirgin.

Ranar 10 ga Janairu, 1954, jirgin da ya buɗe hanyar Johanasbag, mai lamba G-ALYP, wanda ma'aikata ke kira Yoke Peter, ya tashi daga Rum zuwa Landan a zangon ƙarshe na tafiyarsa daga Singafo. Sama garau take. Bayan kamar minti 20, yana wajen ƙafa 27,000, matuƙinsa Alan Gibson na cikin magana ta rediyo da wani jirgin BOAC sai maganar ta yanke a tsakiyar jimla. Masunta kusa da tsibirin Elba suka ji ƙara, suka ga tarkace na zubowa cikin Bahar Rum. Duk mutum 35 da ke ciki suka rasu, cikinsu har da Chester Wilmot, ɗan jarida kuma marubucin tarihin yaƙi ɗan ƙasar Ostareliya.

BOAC ya dakatar da jiragensa na Comet, aka kafa kwamiti ƙarƙashin Charles Abell. Tarkacen na ƙarƙashin teku, don haka kwamitin ya lissafa duk abin da zai iya zama sanadi, ya fi karkata ga gobara, ya ba da shawarar gyare-gyare wajen 50. An tattauna batun gajiyar ɗakin fasinja, amma adadin nan na 18,000 ya rufe bakin kowa, domin Yoke Peter tashi 1,290 kacal ya yi. Ana zaton wuta a maƙera, ita kuwa tana masaƙa. Ranar 23 ga Maris hukuma ta yarda jiragen su koma aiki alhali ba a san abin da ya kashe mutum 35 ba.

Kwana 16 bayan haka, ranar 8 ga Afrilu, wani Comet mai lamba G-ALYY, wanda kamfanin jiragen Afirka ta Kudu ya yi haya, ya tashi daga Rum zuwa Alƙahira. Yana dab da kai ƙololuwar hawansa ya ɓace a teku kudu da Nafoli, da mutum 21. Shi tashi 900 kawai ya yi. A wannan karon aka janye takardar shaidar lafiyar Comet ɗungurungum. Firayim Minista Winston Churchill ya umarci a gano sanadin ko nawa zai ci, aka ɗora aikin a wuyan cibiyar binciken jiragen sama ta gwamnati da ke Fanboro, ƙarƙashin shugabanta Sir Arnold Hall.

Shaidu uku

Binciken ya tsaya a kan shaidu uku. Na farko gawarwaki. Likitan Italiya Antonio Fornari, wanda ya duba gawa 15 da aka tsamo a Elba, ya tarar da fashewar huhu da karayar ƙoƙon kai, alamun da ke nuna iskar ɗakin ta fice farat ɗaya, ta yi jifa da mutane sama.

Na biyu tarkace. Sojan ruwan Ingila suka yi wata da watanni suna lalube a ƙasan teku kusa da Elba, da kyamarar talabijin ta ƙarƙashin ruwa, wadda sabuwar aba ce a lokacin, da kuma komar masunta. Aka tsamo kusan kashi 70 cikin 100 na jirgin, aka kai Fanboro, aka yi ta jera gutsattsarin a kan wani ƙwarangwal na katako. Sai aka ga guntun dardumar ɗakin fasinja maƙale a wutsiya, da shatin fentin gangar jiki a kan fukafuki. Ma'ana, ɗakin ne ya fara fashewa tun wutsiya da fukafukai na nan a maƙale.

Shaida ta uku ita ce tankin ruwa. Hall ya sa aka gina tanki mai tsawon ƙafa 112, faɗi ƙafa 20, zurfi ƙafa 16. Aka kawo cikakken Comet mai lamba G-ALYU aka nutsar da gangar jikinsa a ciki, fukafukansa na leƙowa ta gefe biyu. Aka cika tankin da ruwa, aka cika jirgin da ruwa, domin nauyin ruwan ciki da na waje su daidaita. Sa'an nan famfo ya riƙa ƙara ruwa cikin ɗakin har matsin ya kai na sararin sama, jak-jak kuma na ɗaga fukafukai suna saukewa kamar yadda iska ke yi, daga nan a sassauta. Tafiyar awa uku ana kwaikwayonta cikin ƴan mintuna, dare da rana ba hutu. Tsohuwar dabarar masu tukunyar tururi ce aka ɗauko, amma aka juya ta ga tambaya ta biyu. Da iska aka yi amfani, da jirgin ya tarwatse ya tafi da shaidar.

Ranar 24 ga Yuni, 1954, matsin ya faɗi. Da aka kwashe ruwan sai aka ga fatar jirgin ta yage daga kusurwar ƙofar gaggawa ta gaba. Jirgin ya yi tashi fiye da 1,200 a bakin aiki, ya ƙara fiye da 1,800 a tanki, jimla kimanin 3,060. Ina 3,060, ina 18,000? Masanan Fanboro sun kuma san cewa gajiyar ƙarfe ba ta da ajali ɗaya: cikin jirage iri ɗaya, wani zai iya kasawa a kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi, wani ya kai ninki uku. Da wannan ma'auni, tashi 1,290 da tashi 900 duk sun shiga lissafi. Da aka manna na'urorin awo a jikin ƙarfen, sai aka tarar nauyin da ke taruwa a kusurwoyi ya kai kimanin kashi 70 cikin 100 na iyakar ƙarfin alminiyam ɗin, abin da ya zarce ƙiyasin masu zane nesa ba kusa ba.

Saura a ga tabon a jikin Yoke Peter kansa. Masu binciken suka ƙera ƙananan jirage na katako suna sakowa daga sama, don su gane inda kowane ɓangare zai faɗa, aka kuma karkata laluben teku zuwa wurin. A watan Agusta koma ta fito da wani yanki na rufin jirgin, mai ɗauke da ƴan tagogi biyu na eriyar rediyon gano hanya. A gefen ta baya, a bakin wani ramin ƙusa, aka ga sawun gajiyar ƙarfe ƙarara. Daga wannan ɗan rami tsagar ta faro. Wannan yanki yana cikin kayan tarihi na gidan adana kayan kimiyya na Landan.

A nan ya kamata mu gyara wata magana da ta yaɗu, cewa wai tagogin fasinja masu kusurwa huɗu su suka kashe Comet. Gaskiya ne kusurwa mai kaifi tana tara nauyi, kuma an mayar da tagogin jirage masu zagaye daga baya. Amma tsagar Yoke Peter daga tagar eriya ta rufi ta faro, ta jirgin tanki kuma daga ƙofar gaggawa. Sanadin haɗaka ne: fata siririya, ramukan ƙusa kusa da kusurwa, ƙiyasin da ya gaza, gwajin da ya ruɗi masu shi, da kuma rashin abin da zai tare tsaga idan ta fara gudu.

Hukuncin kotu da abin da ya biyo baya

Kotun bincike ƙarƙashin Lord Cohen ta fara zama a Landan a watan Oktoba na 1954, ta fitar da rahotonta a Fabrairun 1955. Ta tabbatar cewa gajiyar ƙarfen ɗakin fasinja ce ta tarwatsa jirgin Elba. Na Nafoli kuwa, tun da ya nutse a wuri mai zurfin da ba a iya tsamo shi ba, kotun ta ce shaidun da ke akwai sun dace da sanadi iri ɗaya. Ba ta kama wani mutum da laifi ba, domin ta ga kamfanin ya bi ilimin zamaninsa. Wannan hukunci ya fi kama mai laifi ban tsoro. Da mutum ɗaya ne ya yi ha'inci, da an kore shi an huta. Amma a nan ma'aunin ne kansa ya gaza, don haka tilas a sake ma'auni.

An buga sakamakon binciken a fili, abokan gasa ma suka karanta. Daga nan ƙa'idoji suka canza. Aka wajabta gwajin gajiya a kan cikakkiyar gangar jiki, ba yanki ba. Aka raba jirgin gwajin ƙarfi da jirgin gwajin gajiya, don kada ɗaya ya gurɓata ɗaya. Aka kuma koma ga wata sabuwar aƙidar ƙira: a ɗauka cewa tsaga za ta zo ko ba jima ko ba daɗe, saboda haka a ɗaura wa gangar jiki ɗamarar ƙarfe daki-daki, yadda tsaga in ta taso za ta tsaya a ɗamara ta gaba, iska ta fita a hankali, jirgi ya sauka lafiya.

De Havilland ya sake ƙera jirginsa da fata mai kauri da tagogi masu siffar ƙwai. Comet 4 shi ya fara ɗaukar fasinja da injin jet a kan Tekun Atlantika, ranar 4 ga Oktoba, 1958. Amma makonni uku bayan haka Boeing 707 na Amurka ya shigo, ya fi shi girma, ya kwashe kasuwar. Shekara huɗun da aka yi ana gyara sun ishi Ingila ta rasa gaban da ta yi. Duk da haka, jirgin sintirin soja mai suna Nimrod, wanda aka gina a kan ƙirar Comet 4, ya yi aiki har 2011.

Darasin bai ƙare a 1954 ba. A watan Agusta na 1985 wani Boeing 747 na kamfanin jiragen Japan ya faɗi, mutum 520 suka mutu, domin bangon baya na ɗakin matsi ya fashe a inda aka yi masa gyara ba daidai ba a 1978. Gyaran ya jure tashi fiye da 12,000 kafin ya kasa. A Afrilun 1988 rufin wani Boeing 737 na kamfanin Aloha ya yaye a sararin Hawai bayan tashi fiye da 89,000, wata ma'aikaciya ta rasu, matuƙan suka samu suka sauke jirgin. A can ƙananan tsagogi masu yawa ne a layin ƙusoshi suka haɗe suka zama ɗaya. Waɗannan suka nuna cewa takardar shaida ba ta ƙare a ƙofar masana'anta ba. Dole a san saurin da tsaga ke girma, a tsara lokutan dubawa yadda za a gan ta kafin ta kai munzali, a kuma duba da na'urorin sauti da na lantarki masu gano abin da ido ba ya gani. Ƙa'idar yau ta nemi a gajiyar da cikakken jirgin gwaji aƙalla ninki biyu na rayuwar da aka tsara masa. Boeing 787, alal misali, an kwaikwayi tashi da sauka fiye da 160,000 a jikin na gwajinsa.

Kammalawa

Abin da tarihin Comet ya bar mana shi ne, takardar shaida ba ta fi tambayar da aka yi kafin a rubuta ta daraja ba. Injiniyoyin 1952 sun tambayi jirginsu ko yana da ƙarfi, ya amsa da gaskiya cewa yana da shi. Da suka tambaye shi ko zai daɗe, sai suka tambayi yankin da suka riga suka horar. Hukumar da ta mayar da jiragen aiki a Maris na 1954 kuma ta karɓi gyara 50 a madadin sanadi ɗaya da ba ta gano ba, mutum 21 suka biya kuɗin wannan musanya. Mai sa hannu a irin wannan takarda yana tsaye ne tsakanin kamfanin da ke asarar kuɗi kowace rana da jirgi ke ajiye, da fasinjan da bai san sunansa ba. Amanarsa ita ce ya bambance abin da gwaji ya tabbatar da abin da ake fata, ya kuma iya cewa a dakata. Mutum 56 da suka rasu a Elba da Nafoli su ne suka sayo wa duniya wannan fahimta, kuma tagar nan mai zagayayyen baki da fasinja ke leƙawa ta ciki tana daga cikin abin da suka bari.